'Yar Yechon da Saiwar Gabas

Shugaban ƙauye ya ce kowane tsoho ya ba da labarin mutum ɗaya cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, za a haɗa a ajiye a zauren taro. Kowa ya zaɓi nasa, aka bar 'Yar Yechon ba mai ɗauka. To ni na ɗauka. Ba wai na fi kowa sonta ba ne, na dai fi kowa sa mata ido. Ban yi makaranta ba, 'yata Suk-hi ce ke riƙe da alƙalami, kuma na gaya mata abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta yi masa kwalliya.

Sunanta na gaskiya Jom-rye, amma ban taɓa jin an kira ta da shi ba sai ranar jana'izarta. Daga garin Yechon aka kawo ta amarya, aka ba wani mai suna No, mai gadin kaburburan gidan Pyo, wato dangin mijina. Ɗan ƙaramin gidan da suke zaune a gindin dutsen kaburburan na dangi ne, da 'yar gonar da ke bayansa. Wanda ke kula da kaburbura shi ke zama a ciki. No bai daɗe ba, giyar shinkafa ta tura shi cikin rafi wata rana da sanyi, can ya mutu. Ba su haihu ba. Manya suka ce ta kwashe kayanta a kawo wani namiji. Mijina Dok-su, shi ne ƙarami a cikinsu, ya miƙe ya ce ina za ta, kuma wane namiji ne ya fi ta iya riƙe lauje? Wansa Man-gil, shi ne babban gida a dangin, ya yarda da ƙyar, amma ya kafa mata sharaɗi a gaban kowa. Ciyawa kawai za ta taɓa a kan dutsen nan. Ranar da ta sari itace, ko ta gusar da dutse, ko ta tona ƙasa, ranar za ta bar gidan. Ba ta da inda za ta koma, iyayenta sun mutu, 'yan'uwanta kuwa ba a taɓa ganin ƙeyar ko ɗaya ba. Gidan nan shi ne uwarta, shi ne ubanta.

Me ya sa mijina ya tsaya mata haka? Ya ce tausayi ne. Na bar shi a tausayi.

A wancan zamanin duk ƙauyenmu na Sotgol tsutsar siliki muke kiwo. Da bazara ta shigo ɗakin kwananmu ma ba namu ba ne, tsutsa ce ke kwance a faifai hawa-hawa, mu mu raɓe a gefe. In suna cin ganyen pong, itacen da ake noma musu, sai ka rantse ruwa ake yi a kan rufi. Ga su da tsirfa. Ba sa son warin taba, ba sa son hayaƙin gasasshen kifi, uwa-uba ba sa son ƙamshi. Mace ta shafa man kanti ta shiga ɗakin, gobe a kwashe matattu a zubar wa kaji. Saboda haka mu matan ƙauye haka fuskarmu ke zama, rana ta gasa, iska ta busar, kafin kaka duk mun koma kamar bayan tukunya.

Ban da 'Yar Yechon. Tare muke tsinkar ganye, rana ɗaya ke dukanmu, amma ita fuskarta kamar ɓararren dafaffen ƙwai. Na ce akwai lauje cikin naɗi. Shekarar da tsutsata ta mutu faifai guda, kuma ita ce ta taya ni ba su ganye, sai na tare ta a bakin rijiya kamar zan cire mata wani abu a gashi, na kai hanci kusa da kumatunta na shinshina.

Ta ce, "Haleluya, in yunwa kike ji ki faɗa, akwai sauran dankali a tukunya."

Haka take kirana, don ni na fara zuwa majami'a a ƙauyen nan. Ni kuma ina ce mata Farar Fuska. Ban ji warin komai ba sai na ƙasa da ɗanyen ganye. Ta ja ni gidanta ta nuna mini abin da take yi, wai don in huta da shinshinar mutane. Saiwar pong ce. Amma ba kowace ba. Ta ce wadda ta leƙo bisa ƙasa ta ga rana guba ce, ko taɓa ta ba ta yi. Sai wadda ke binne, ta tsohon itace, kuma wadda ta nufi gabas. Baƙin ƙarfe ba ya taɓa ta. Da tsinken gora take tono, da dutse take datsewa, sannan ta zauna da cokalin tagulla tana kankare rawayar fatar nan ta waje har farin ɓawon ciki ya fito. Shi take shanyawa a inuwa, ta tafasa a tukunyar ƙasa, ta haɗa da ruwan wankin shinkafa. A wanke fuska da shi safe da yamma. Tsutsa kuwa ba ruwanta, ai warin abincinta take ji.

Nan da nan mata suka yi mata caa. Wannan ta kawo ƙwai, waccan ta kawo daddawar waken soya, su tafi da ruwa a kwalba. Ni ban karɓa ba. Zancen gabas ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. Me ya haɗa saiwa da inda rana ke fitowa, in ba tsafi ba? Na tambayi fasto, ya ce magani magani ne matuƙar ba ta karanta wani abu a kai. Sai na koma na zauna ina kallon bakinta tana kankara. Leɓenta na motsi. Na ce me kike faɗa, ta ce waƙa take yi. Na ce ki ɗaga murya mu ji mana. Ta ce muryarta ba ta kai ta 'yan majami'a ba, kunya take ji. Wa ya sani.

Daga baya siliki mai arha ya shigo daga ƙasashen waje, kiwon tsutsa ya mutu murus. Maza suka tumɓuke gonakin pong, aka dasa kanya, aka kafa rumfunan leda. A shekarar 'Yar Yechon ta yi ta bin gonaki tana tsintar saiwa har rumfarta ta cika. To amma abin da aka tara ƙarewa yake yi. Shekaru suka wuce, babu pong ko na magani a gonar kowa, ruwanta kuwa bai ƙare ba. Sai ma gaba da ya yi. Matan birni suka fara zuwa daga Daegu cikin motoci, da tabarau da takalma masu tsini, suna tambayar ina gidan tsohuwar nan mai ruwan fuska. In ka tambaye ta ina take samun saiwa, sai ta ce dutse faɗi gare shi. Ni kuwa na san ruwa ba ya tsami banza.

Tsohon pong ɗaya ne ya rage da na sani, wanda ke kan dutsen dangi. Ya girmi surukina. Mijina tun yana yaro yake hawansa yana cin 'ya'yan har bakinsa ya yi baƙi ƙirin. Da ciwonsa ya yi tsanani ya ce a kwantar da shi kusa da itacen nan. Yaya Man-gil bai so ba. Shi mutum ne mai tsoron abin da kakanni suka faɗa, cewa in saiwa ta shiga kabari ta naɗe ƙashi, ciwo ba ya barin 'ya'ya da jikoki. Aka ɗauko mai duba ƙasa daga gari, irin masu zaɓar wa mamaci wurin kabari. Da yake gidan 'Yar Yechon ne a gindin dutse, a nan ya karya kumallo, ita ce kuma ta hau da shi ta nuna masa hanya. Ya zagaya, ya auna, ya ce a sa mijina ta ɓangaren fitowar rana daga itacen, da 'yar tazara, saiwa ba za ta kai ba. Aka yi haka, aka tara tudu aka lulluɓe da ciyawa.

Ni ban yarda da zancen saiwa da ƙashi ba. Mijina yana hannun Ubangiji, ƙashi kuwa ƙasa ne. Amma dai ba ka son ka ji ana cewa saiwa na ratsa haƙarƙarin mutumin da ka yi rayuwarka kana dafa wa abinci.

Bayan rasuwarsa da wasu shekaru Suk-hi ta haifi ɗanta na fari, sai baƙin tabo ya fito mata a kumatu biyu kamar an shafa toka. Uwar mijinta a Daegu ta dinga yi mata habaici, wai sun auro 'yar ƙauye ashe har da gonar aka haɗo musu a fuska. Yarinya ta zo gida tana kuka. To uwa uwa ce. Na ɗauki ƙwai na tafi gindin dutse da ƙafata, ni da na ce ba zan taɓa ba. 'Yar Yechon ta kalli ƙwan ta kalle ni, ta ce yau kuma Haleluya ce a gidan matsafa? Ta mayar mini da ƙwaina, ta cika mini babbar kwalba, ta ce 'yar Dok-su ba ta biya. Kafin kaka tabon ya dushe. Gaskiya ɗaya ce, ya yi aiki. Ki rubuta haka, ba na tauye wa mutum haƙƙinsa.

To ga abin da ya faru. Ana saura 'yan kwanaki Hansik, ranar da maza ke zuwa gyaran kaburbura, na hau dutse tsinkar tazargade don in yi waina. Ƙanƙara ta narke, an kuma yi ruwa mai ƙarfi. Na ce bari in biya in ga tudun mijina ko ya zaizaye. Tudu lafiya lau. Amma tsakaninsa da itacen sai na ga ƙasa ta lotsa, doguwar lotsawa a lanƙwashe kamar lauje. Na sa hannu na ja ciyawar, sai ta taso faifai guda. Yanka ta aka yi aka mayar. Na tona kaɗan da yatsa, ga bakin saiwa a daddatse, ba yankan wuƙa ba, tsaga-tsaga kamar an dandaƙa da dutse. A gefe kuma ga ɓarɓashin rawayar fata ruwa ya tono.

Na zauna a ƙasa. Abin da ya fara zuwa mini ba gidan ba ne, ba Yaya Man-gil ba ne, fuskar Suk-hi ce. Da hannuna na kai mata kwalbar nan.

Na sauko na same ta a bakin ƙofa, tabarma a shimfiɗe, cokalin a hannu. Na zuba mata ɓarɓashin a gabanta. Ko gezau. Ta ce in zauna ga shayin sha'ir, na ce a tsaye zan ji. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun shekarar da ta biyo bayan binne shi. Wai ta je yankan ciyawa ne ta ga wani ɗan tsiro ya fito dab da tudun, ta bi shi da tsinke, sai ga saiwa kaurin babban yatsa ta miƙe sak tana neman kabarin, saura taki ɗaya ta isa. Ta ce ƙasar kabari tonanniya ce, laushi gare ta, ita kuwa saiwa laushi take bi. Mutumin da ya hana a jefar da ita kan titi, sai ta zuba ido?

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"In gaya wa wan mijinki na tona ƙasa a dutsensa? Kafin in kai ƙarshen magana tabarmata na waje."

"To kin datse, mun gode. Dafawar fa? Sayarwar fa?"

"Zubarwa zan yi? Tsohuwar saiwa, binnanniya, ta gabas. Ke da kanki kin san babu irinta yanzu a duk ƙasar nan."

Na ce mata ta bar ni na wanke fuskar 'yata da abin da ke kan hanyar zuwa wurin ubanta. Ta ce kan hanya dai, bai isa ba, kuma ba zai isa ba muddin tana numfashi. Sai na tambaye ta ko tana datse ta yamma da ta arewa su ma. Ta ɗago ta dube ni.

"Wa ke kwance a yamma?"

"Da a yamman aka binne shi fa, za ki wahalar da kanki haka?"

Ta yi 'yar dariya ta ce da sai ta ce Allah bai nufe ta da arziki ba. Ka ji fa. Mutum ya ba ka amsar da ba ka san ko ka gode masa ko ka mare shi ba.

Na ce to ga Hansik nan tafe, ciyawar ba za ta kama ba kafin nan, kuma idon Yaya Man-gil ko allura ta faɗi a dutsen nan sai ya gani. Ta ce shi ya sa ta so ta same ni tun jiya. Wai in ya tambaya in ce aladen daji ne, tunda bana sun addabi kowa, kuma maganata ba ya musa ta don ya san 'yan majami'a ba sa ƙarya. Na ce au, ashe kin san ba ma yi, shi ne kike so ki ari bakina? Tun da aka yi mini baftisma ban shirya ƙarya na faɗa ba, ba kuma zan fara a kan kabarin mijina ba. Ta ce to shi ke nan, bari ta fara neman igiyar ɗaure kaya. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kankara. Ko roƙo ba ta yi ba. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. Kullum a addu'ar asuba ina durƙushe ina gaya wa Ubangiji: ka ga matar nan, ban san cikinta ba, kai ka sani. In na yi shiru aka tambaye ni, gaskiya zan faɗa, a kore ta, tsohuwa ta mutu a tashar mota, alhakin a wuyana. In na ce alade ne, na saɓa maka. Kuma in don tukunyarta take yi ba don mijina ba, me ya sa zan sa kaina a wuta dominta? In kuwa don shi take yi fa? Ban ji wata murya daga sama ba, kada ki rubuta na ji. Ina dawowa ne a hanya, gari ya fara haske, sai na tuna cewa dutsen na dangi ne, amma wanda ke kwance a wurin nan mijina ne. Ko Yaya Man-gil bai isa ya ce matar mamaci ba ta da ta cewa a kan makwancin mijinta ba.

Ranar Hansik da sassafe, kafin motocinsu su iso, na tafi gidanta. Na tarar har ta ɗaure bargunanta, tukwanen ƙasa na jere a waje.

Na ce, "Farar Fuska, tashi ki roƙe ni."

"Roƙon me kuma?"

"Izini. Ki ce, Uwar Suk-hi, ki ba ni izini in tona tsakanin itace da kabarin mijinki."

Ta tsaya tana kallona kamar na zare. Sannan ta ce, na bara da na bara waccan fa? Na ce ta haɗa duka ta roƙa a dunƙule. Ta goge hannu a zani, ta haɗa su a gaba kamar amarya gaban surukai, ta rusuna har ƙasa, ta faɗi maganar kalma-kalma, bakinta na rawa don dariya. Na ce na ba ki. Ta ce wannan wace irin shari'a ce ta 'yan majami'a? Na ce ta wadda ba ta son a kore ki ce, ɗauko tsinkenki mu tafi.

Suka iso, Yaya Man-gil da 'ya'yansa da sauran dangi, da giyar shinkafa da busasshen kifi da sabuwar ciyawar dasawa. Aka fara daga kakanni ana saukowa. Su suna rusunawa, ni ina gefe ina addu'ata, haka muka saba. Da aka zo kan mijina, Yaya bai ko ajiye sandarsa ba ya ga lotsawar. Wani ɗan ɗan'uwansu ya ce ai aladen daji ne, sun yi ɓarna ko'ina bana. Yaya ya sa sanda ya ɗaga ciyawar ya ce shi bai taɓa ganin aladen da ke tono ya mayar da marfi ba. Ya juya ya kalli 'Yar Yechon. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ta tuna abin da aka yi da ita a gaban mutane? Ta ce ta tuna. Ya ce to kafin dashen shinkafa ta bar gidan.

Nan na matso na ce, "Yaya, ku yi haƙuri. Ni na ba ta izini."

Ya dube ni ya ce, "Matar ƙanena, yaushe kuka ba ta?"

Ga shi nan fa. Da na ce da daɗewa, da an wuce wurin. Na ce, "Yau da safe. Amma na haɗa mata har da na baya."

Wani cikin samarin ya ƙyalƙyale da dariya, ubansa ya harare shi. Fuskar Yaya ta yi ja. Ya ce yaushe aka fara neman izinin cin tuwo bayan an suɗe kwano? Na ce gaskiyarku, amma kafin ku yanke hukunci ku bari ta buɗe ku ga abin da ke ƙarƙashi, in kun gani kuka ce ta tafi, ni zan riƙe mata kaya zuwa tasha.

Ta durƙusa da tsinkenta, ta yaye ciyawar, ta yi ta tono mutane na tsaye a kanta. Ga bakin saiwar da ta datse bana, kaurin wuyan hannu, har yanzu farin ruwa na tsattsafowa, ta miƙe sak tana kallon tudun. Gefenta ga tsofaffin kututture na shekarun baya, baƙaƙe, jere kamar haƙora, duk fuskarsu wuri ɗaya. Yaya Man-gil yana fama da gwiwa, ga babban ɗansa da ciwon ciki da ya ƙi jin magani. Ya tambaye ta a hankali ko akwai saiwar da ta shiga kabarin. Ta ce ko ɗaya. Ya sake tambaya, ta sake ce masa ko ɗaya.

Can sai Yaya ya ce a kawo zarto a sare itacen yau ɗin nan, kowa ya huta. Kafin ya rufe baki ta ce a'a, kada a yi wannan kuskuren. Wai pong in aka sare shi haukacewa yake yi a ƙarƙashin ƙasa, ya watsa saiwa ko'ina yana neman hanyar fita, a nan ne ma zai faɗa kabarin. Yaya ya juya ga tsofaffin da suka yi noman pong, suka ce lallai kututturensa ba ya mutuwa da sauƙi, tohowa yake yi. Gaskiya ne, ni ma na sani. Saurin da ta yi wajen faɗa ne bai kwanta mini ba.

Ƙarshenta dai ya ce ta zauna. Kowace shekara kafin Hansik ta buɗe ta datse, amma ba ita kaɗai ba, sai matar mamaci na wurin tana gani. Abin da aka datse kuma a ƙone. Ta ce kunna wuta a dutse da bazara ai neman gobara ne, sai dai ta sauko da shi ƙasa. Ya ce ta sauko da shi. Bai tambayi wace irin wuta za ta sa masa ba, ni kuma ba a tambaye ni ba.

Muna saukowa ta raɗa mini cewa saura kaɗan in kashe ta da "yau da safe" ɗin nan. Na ce ai ke kika ce ba ma ƙarya.

Haka aka yi ta yi. Wadda ke tono a ɓoye ta koma mai aiki da umarnin babban gida. Duk shekara in ƙanƙara ta narke sai ta biyo mini, mu hau tare, in zauna a kan dutse ina rera waƙoƙin majami'a, ita tana tono. Ina lura da ita sarai. Wani lokaci takan matsa kusa da gindin itacen fiye da yadda tsare kabari ke buƙata, don can saiwar ta fi kauri. In na yi gyaran murya sai ta ja baya ta ce idonta ne ya fara rauni. Wani lokaci kuma, in ta gama, sai in ga ta tsaya tana lallaɓa ciyawar tudun da tafin hannu, tana cire ƙananan tsakuwa ɗaya-ɗaya, alhali ba wanda ya sa ta, ba kuma abin da za ta dafa a ciki. Sai in rasa wanne zan kama.

Suk-hi, da ta ji inda ruwan ya fito, ta yi kwanaki ba ta son madubi. Daga baya ta ce ai itacen Baba ne, ta koma karɓa. Ni dai har yau bai taɓa fuskata ba, ga ta nan yadda rana ta bar ta.

A gidan nan na gindin dutse ta mutu, cikin sanyin da ya wuce, a kan shimfiɗarta, ba wanda ya kore ta. Ni na shirya ta, don ba ta da kowa. Tsohuwa tukuf, hannuwa duk sun kanannaɗe kamar saiwar da take tonowa, amma kumatun nan sumul. Cokalin tagullar ya cinye har ya zama rabi. Ta zo majami'a sau da yawa a ƙarshe, sai dai kullum ranar da ake raba waina ce. Na yi mata addu'a, ina kuma yi mata har gobe. Allah ya ji ƙanta, shi ya san abin da ke cikin tukunyar kowa.

Abu ɗaya ne ban taɓa tambayarta ba, sau da yawa yana zuwa bakina a kan dutsen nan in haɗiye. Ranar da mai duba ƙasa ya zo zaɓar wa mijina makwanci, a gidanta ya ci abinci, su biyu kuma suka hau. Itacen nan yana da yamma, yana da kudu, yana da arewa, ko'ina fili ne. Da suka sauko sai ya ce gabas.